Kafin ku sayar da tsohuwar kwamfutar shago, ku duba abin da ke buɗe muku hoto

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, a yau hoto ya zama rabin ciniki. A da, mai son sarin atamfa ko leshi sai ya ɗaura ɗamara ya kama hanyar Kwatano ko Lome ko Kantin Kwari na Kano, ya taɓa kaya da hannunsa, ya ɗaga su a rana, sannan ya zaro kuɗi. Yanzu kuwa dillali na zaune a Dubai ko a Guwanzu ta ƙasar Sin, yana turo hotuna ɗari biyu a dare guda, Hajiya na Maraɗi ko Tawa ta zaɓa, ta aika kuɗi, ta zauna jiran kaya. Tun 2023 da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuskuren zaɓe kuma ya ƙara tsada, domin abin da ya shafe makonni a hanya ba a cewa a mayar da shi.

Shi ya sa da yawa daga cikinku ba su tsaya ga gilashin salula ba. A babbar kasuwar Maraɗi, a kasuwar Dole ta Damagaram, da babbar kasuwar Yamai, za ka shiga shago ka tarar da kwamfutar tebur, wadda muke ce wa ordinatar, galibi ta hannu ce da ta gama aiki a wani ofishin Turai kafin ta iso mana. A kanta ake juye hotunan kaya don a gan su da girma, a kanta ake nuna wa mai saye. A gidaje ma haka ne, matan da ke sayar da mayafai da takalma da kayan ɗaki daga cikin gida sukan ari kwamfutar ƴaƴansu ƴan lakwal.

Kukan da muke yawan ji daga masu bugo mana waya a rediyo iri ɗaya ne. An danna hoto, allo ya yi baƙi, ƴar da'ira tana ta juyawa, mai saye na tsaye yana kallon shagon maƙwabci. Kafin hoto na biyar ya fito, ko dai mai saye ya ce bari ya je ya dawo, wanda duk ɗan kasuwa ya san ma'anarsa, ko kuma wuta ta ɗauke, ita kuwa kwamfutar tebur ba ta da batir. Idan aka kai wa mai gyara, amsar da ta fi saurin fita daga bakinsa ita ce injin ya tsufa, a sayi wani. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa laifin na manhajar da ke buɗe hoton ne, wato abin da masu gyara ke kira lojisiyel, kuma ana iya canza ta cikin minti goma.

Bari mu yi bayanin inda nauyin yake fitowa, don wanda ya gane wannan ba a yi masa wayo.

Nauyi iri biyu ne. Na farko shi ne na manhajar kanta. Waɗanda suka yi aiki da Windows 7 za su tuna ƴar manhajar kallon hoto da ke cikinta, wadda aikinta ɗaya ne tak, ta nuna hoto. Da Windows 10 ta fito a 2015, kamfanin Microsoft ya sa wata mai suna Photos a gaba, ya ɓoye tsohuwar. Ita wannan sabuwar tana son ta yi komai, ta tattara hotunan da ke cikin injin, ta jera su, ta gyara su, ta haɗa su da ma'ajiyar kamfanin da ke intanet. A sabuwar kwamfuta ba a jin nauyin. A tsohuwa kuwa kamar ka aiki yaro ya miƙo maka turmi ɗaya ne, ya ce sai ya share shago ya ƙirga kaya tukuna.

Na biyu shi ne nauyin hoton. Hoton JPEG, wanda shi ne akasarin abin da salula ke ɗauka, matsattse ne kamar dilar bosho. Dila a ɗaure ba ta cin wuri, amma ranar da aka yanke ɗaurinta sai ta cika rumfa. Hoton da kyamara mai ɗigo miliyan 12 ta ɗauka, a ajiye bai wuce ƴan mega kaɗan ba, amma kafin a nuna shi dole a kwance shi, kowane ɗigo kuma yana cin gurbi uku, na ja da na kore da na shuɗi, ka ga ya zama mega 36 ke nan. Wayoyin yanzu irin su Tecno da Infinix da ake tallar kyamararsu da miliyan 50, idan aka ɗauka da cikakken ƙarfinsu, hoto guda zai kai mega 150 a kwance. Wurin da ake baza shi kuwa shi ne abin da ake kira RAM, wanda za mu iya cewa teburin shago ne, faifan ajiya kuma shi ne mangaza. Injin da teburinsa jiga 2 ne ko 4, Windows ta riga ta cinye babban rabo, abin da ya rage kaɗan ne. Manhaja mai wayo ba ta cika teburin da tarkacenta, kuma yayin da kake kallon hoto ɗaya wata har ta fara kwance na gaba a ɓoye, shi ya sa da ka danna sai ya fito nan take.

To wace za a ɗauka? Sunayen suna da yawa, amma huɗu ne muka ga sun cancanci a ɓata lokaci a kansu.

Wadda ta fi daɗewa a bakin masu gyara ita ce IrfanView. Wani mutumin Bosniya mai suna Irfan Skiljan ne ya fito da ita a 1996, lokacin yana karatu a Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙasar da shaddar Getzner ke fitowa, ga masu son sanin alaƙa. Alamarta wata jar kyanwa ce a baje, kuma fuskarta ba ta da wani ado, wanda ya gan ta yau zai ɗauka tun zamanin kaset ba a taɓa ta ba. Amma duk girmanta ƴan mega ne, ba ta kai nauyin bidiyon biki na minti ɗaya ba, kuma tana tashi kafin ka ɗauke yatsa. Abin da ya sa muke ganin ta dace da shago shi ne ba sai mutum ya iya karatun Faransanci ko Ingilishi zai sarrafa ta ba. Dogon maɓallin nan na ƙasa, Espace, shi ke kai ka hoto na gaba. Entrée na cika allo da hoton. Harafin R na juya shi dama, L na juya shi hagu. T na baza duk hotunan dosiye ƙanana ƙanana kamar an shanya su. Échap na rufewa. Yaron shago zai haddace wannan kafin la'asar, Hajiya ma haka, ko ba ta taɓa zama a aji ba. Akwai kuma harafin B, wanda ke buɗe wurin rage girman hotuna da yawa a lokaci ɗaya. Mai tura wa abokan ciniki hoto hamsin kullum, idan ya rage su kafin ya tura, zai ga bambanci a kuɗin intanet ɗinsa a ƙarshen wata. Sai dai a lura da abu biyu. Da Ingilishi take zuwa, Faransancinta daban ake ɗora shi. Sannan wasu nau'o'in hoto, kamar WebP da ake yawan samu idan an sauke hoto daga shafukan masu sayar da kaya, sai an ƙara mata ƙunshin ƙarin kayan aikinta kafin ta buɗe su. A gaya wa mai ɗorawa ya sa duka biyun tun farko, kada a yi sahu biyu.

Ta biyu ita ce JPEGView. Wannan ta fi IrfanView ma rashin surutu, hoto kawai take nunawa, kusan babu wani abu a gefe. Ba ta buƙatar a dasa ta cikin injin, ana iya ajiye ta a kile a tafi da ita sibar. Sababbin fitowarta suna buɗe WebP, suna buɗe HEIC, wato nau'in da wayar iPhone ta koma ɗauka da shi tun 2017, wanda ya sha sa mutane zaton hoton da dillali ya turo ya lalace alhali lafiyarsa lau. Tana da wata dabara ta ƙara wa hoto haske da kaifi da kanta. Wannan a tabbata a kashe take, za mu faɗi dalili nan gaba.

Ta uku, FastStone Image Viewer, ita ce muke ganin masu harkar yadi za su fi so, saboda abu guda. Tana iya jera hotuna har huɗu gefe da gefe a allo ɗaya. Mai son ta kwatanta leshin da aka nuna mata kafin ta biya da wanda aka ɗauka ranar da za a ɗaure kaya, ko mai son ya ga bambancin zanen asali da na kwaikwayo, wannan jerin ya fi masa komai. Ta ɗan fi biyun farko nauyi, amma ba ta kai ta wahalar da tsohon inji ba, kuma akwai ta da Faransanci.

Ta huɗu ita ce XnView, ta wani Bafaranshe mai suna Pierre-Emmanuel Gougelet, wadda sabon samfurinta ake kira XnView MP. Masu ita sun ce tana karanta nau'in hoto fiye da 500, yawancinsu ɗan kasuwa ba zai taɓa haɗuwa da su ba har ya bar sana'a. Ƙarfinta yana wajen tsara hotuna masu yawa, a sa musu alama, a canza musu suna a jere, a gano waɗanda aka juye sau biyu. Babban ɗan sari mai hotunan shekara biyar, ko mai studiyon hoto, shi ya kamata ya dube ta. Ga mai shago ɗaya da dosiye goma, ɗaukar babbar mota ce zuwa cefane.

Yanzu ga maganar da masu ɗora manhaja a kasuwa ba su cika faɗa ba. Ana cewa duk waɗannan kyauta ne, amma kyautar da sharaɗi. IrfanView da FastStone da XnView, masu su sun rubuta ƙarara cewa kyauta ne ga mai amfanin kansa a gida, da makarantu. Wanda zai yi neman kuɗi da su, sai ya sayi lasisi. Shago kuwa wurin neman kuɗi ne, ba sai an yi gardama ba. Babu wanda zai taso daga Turai ya zo Dole ya duba kwamfutarka, manhajar ma ba za ta daina aiki ba don ba ka biya ba. Amma ɗan kasuwar da ba ya son a ci masa dala ɗaya, ya san haƙƙin wani haƙƙi ne ko mai shi na nesa. Wahalar a nan ita ce hanyar biya, don sai da katin banki mai aiki a intanet, abin da ba kowa ke da shi ba. Wanda hakan ya yi wa nauyi yana da mafita mai tsabta, domin JPEGView da wata mai suna nomacs an sake su ne ƙarƙashin izinin da ake kira GPL, wanda ya yarda kowa ya yi aiki da su, a gida ko a shago, ba tare da biyan ko tamma ba. A ra'ayinmu, ƙaramin shago ya fara da JPEGView. Idan ya ga yana buƙatar rage hotuna da yawa ko jera su, sai ya matsa ga sauran ya biya abin da ya wajaba.

Kada kuma ku ɗauki maganarmu ko ta mai gyara a matsayin hukunci. Injina sun bambanta, abin da ya yi gudu a wannan zai iya ja da baya a wancan. Gwaji mai sauƙi ne. A tara hoto hamsin na kayanku na gaske a dosiye ɗaya, a haɗa da masu nauyin cikinsu. A kashe kwamfuta a sake kunnawa. A danna hoton farko a ƙirga da baki har ya fito, sannan a riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya da saurin da mai saye ke cewa wuce, wuce. Wadda ta bi hannunka ba tare da allo ya yi fari ba, ita ce taka. Dalilin sake kunnawa kafin a gwada ta biyu shi ne, hoton da aka buɗe sau ɗaya yana zama a tebur, wadda ta zo daga baya sai ta same shi a kwance, ta ci nasarar da ba tata ba. Bayan an zaɓa, a danna hoto da maɓallin dama na suri, a shiga Ouvrir avec, a nuna sabuwar, a ce kullum ita za ta riƙa buɗewa. Idan ba a yi wannan ba, tsohuwar za ta ci gaba da shiga gaba.

Wajen samo ta kuma a yi hattara. A sauke daga shafin mai ita, ko a sa wanda aka yarda da shi ya yi a gabanka. Shafuka da yawa suna naɗe waɗannan ƙananan manhajoji cikin tarkacen talla, ka je neman sauƙi ka dawo da injin ya fi da nauyi. Hankali ya ƙara zama dole saboda Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, yawancin tsofaffin injinan kasuwanninmu kuwa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Suna nan suna aiki, hoto za su nuna shi sarai, amma ƙofarsu ba ta da mai gadi kamar da. Kile da ya zaga sibar da studiyo shi ne babbar hanyar cuta. Akwai ƙwayar cutar nan da ta daɗe tana yawo, mai mayar da dosiyoyi su zama rakursi masu ƴar kibiya a gindi. Wanda ya ga haka kada ya danna su, kada kuma ya yarda a wanke masa kile da gaggawa, domin galibi hotunan suna nan, ɓoye su kawai aka yi, mai gyaran kirki zai fito da su.

Akwai abin da babu manhajar da za ta yi muku, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta, wato launi. Shuɗin da ke gilashin wayar dillali ba shi ne shuɗin da ke allon shagonku ba, tsohon allo kuma yakan ja zuwa rawaya. Ita kanta wayar tana ƙara wa hoto armashi kafin ta ajiye shi, fitilun shagunan Dubai kuma an san aikinsu. Idan manhajarku ta sake ƙara nata gyaran a kai, kun yi nisa biyu da gaskiya, dalilin da ya sa muka ce a kashe wannan dabarar ke nan. Mai ankon biki da ta yi komandar turmi arba'in ruwan goro, aka kawo mata ruwan ƙasa, ba ruwanta da bayanin allo. Abin da ke taimakawa shi ne a roƙi dillali ya fita da kayan waje, a inuwa, da rana, ya ajiye farar takarda a gefensu ya ɗauka. Idan takardar ta fito fara a allonku, launin kayan ya kusa gaskiya. Idan ta fito da shuɗi shuɗi ko rawaya rawaya, kun san yadda za ku rage a ranku.

Sannan a roƙe shi ya turo muhimman hotuna ta hanyar Document a WhatsApp. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp na matse shi ya zubar da ƙananan bayanai, idan ka zuƙo shi sai ya farfashe. Tun 2023 akwai zaɓin HD da ya ɗan gyara lamarin, amma shi ma matsewa ne. Wanda ya zo a matsayin Document kuwa yana isowa yadda aka ɗauke shi. A irinsa ne za ka zuƙo har ka ga saƙar zare, ka ga ko duwatsun leshi ɗinke suke ko manne, ka karanta rubutu da lambar zanen da ke bakin atamfar Holan. Irin waɗannan hotunan su ne masu nauyin da muka yi lissafi a sama, su ne kuma suke raba manhaja mai ƙarfi da mai kasala.

Hoto kuma shaida ne ranar da rigima ta tashi, a gaban shugaban ƴan kasuwa ko a gaban wanda ya haɗa ku. Don haka kada a taɓa na asali. Duk lokacin da aka gyara hoton JPEG aka sake ajiye shi a kan kansa, yana rage kyau, kuma abokin rigima zai ce an taɓa. Idan za a rage girma ko a rubuta farashi a jiki, a yi a kan kwafi, a wata dosiye daban. Masu wayar Android za su lura sunan hoton WhatsApp na farawa da IMG, sai shekara da wata da rana a manne. Wanda zai canza suna zuwa na kaya, ya bar waɗannan lambobin a gaba, ya ƙara nasa a baya.

Wani abu kuma da saurin waɗannan manhajoji ke jawowa, duk abin da ke cikin dosiye suna nuna shi bi da bi, ba su san na nunawa da na ɓoyewa ba. Idan an juye komai daga waya wuri ɗaya, danna ɗaya ce tsakanin hoton mayafi da hoton takardar da ke ɗauke da farashin sari, ko hoton iyali a cikin gida, mai saye kuwa na tsaye a kafaɗarka. A ware dosiyar nuna wa baƙi, kaya zalla, sauran su zauna can nesa. Haka ma ranar da za a kai injin gyara, hotunan gida a kwashe su tukuna.

Idan an yi duk wannan, an canza manhaja, amma har yanzu kwamfutar na ɗaukar minti biyar kafin ta tashi da safe, kana jin tana ƙara daga ciki kamar ana niƙa, to nan laifin ya koma kan faifan ajiya. Ko a nan ma ba a kai ga sayen sabon inji ba. A tambayi mai gyara kuɗin sa faifan SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, da kuɗin ƙara RAM, a kwatanta da kuɗin wata kwamfutar. A kuma ce ya buɗe akwatin ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, domin injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, a watan Afrilu da Mayu kuwa ba sai an gaya wa kowa zafin cikin rumfar kwano ba. Tsohon faifan a karɓo shi a tafi da shi gida, hotunanku da lissafinku suna cikinsa.